Tsako na gudawa: kafso, maganin kashin jini, jiƙo, ko gyaran ɗaki?

Da sassafe wata maƙwabciyarmu ta aiko yaro, wai in leƙo in duba mata 'yan tsakinta. Buroila hamsin, wato kajin nama, ta saya, kwanansu biyar a hannunta, uku sun mutu cikin dare, wasu kuma farin kashi ya daskare musu a dubura. Kafin in iso har ta fasa kafso biyu, ja da yalo, ta zuba a ruwan shansu. Na ce, "Hajiya, a ina suke kwana?" Ta nuna mini kwali a kan siminti, daf da ƙofar zaure, ga shi ana tsakiyar hunturu. Ƙwan lantarki ɗaya ne rataye a kansu, wutar kuma an ɗauke ta tun goma na dare. Sanyi ne ya kama 'yan tsakin nan, kuma babu kafson da ke maganin sanyi.

Duk mai kiwo a bayan gida da ya ga kashin 'yan tsakinsa ya yi ruwa, hanyoyi huɗu ne a gabansa. Ko ya sayi maganin ƙwayoyin bakteriya, wato kafso da danginsa na gari da ake sayarwa a kantin magungunan dabbobi. Ko ya nemi maganin kashin jini, cutar da likitoci ke kira koksidiyosis. Ko ya koma ga jiƙon gida, irin su maɗaci da tafarnuwa da shuwaka. Ko kuma ya ajiye batun magani tukuna, ya gyara ɗumi da shimfiɗa da ruwa da abinci. Kowace hanya tana da ranarta. Abin da ke nuna wadda za a bi shi ne kwanakin tsakon a duniya, da kamannin kashin, da yadda tsakon kansa yake tsaye.

A fara duba kashin

Lafiyayyen kashin kaza dunƙule yake, ruwan ƙasa ko toka-toka, da ɗan fari a samansa. Farin nan shi ne fitsarinta, domin kaza ba ta fitsari daban. Sannan akwai wani kashi da ke tsorata sababbin masu kiwo ba gaira ba dalili: sau kaɗan a yini tsako yakan yi wani mai laushi, mai yauƙi, mai ɗoyi, launinsa kamar na tunkuza. Daga wasu 'yan jakunkuna biyu da ke kusa da ƙarshen hanji yake fitowa, kuma alama ce ta cewa ciki na aikinsa. Idan tsako na ci, yana sha, yana guje-guje, gashinsa a kwance, wannan kashin bai cancanci ko sisin kwabo na magani ba. Haka nan a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke sa kaji shan ruwa fiye da kima, kashi kan yi ruwa-ruwa, ka ga ɗan dunƙule a tsakiya da ruwa garai kewaye da shi. Inuwa da iska suke nema.

Dabarar da nake bi mai sauƙi ce. Da dare nakan shimfiɗa farar takarda ko buhun da aka wanke a inda suke kwana, da safe in ɗauko in duba a hasken rana. A kan ɓuntun shinkafa ko garin katako jini yakan ɓuya, amma a kan farar takarda ba ya ɓuya.

Mako na farko: gyaran ɗaki ko kafso

A nan ne aka fi zubar da kuɗi a banza. Yawancin 'yan tsakin gidan gona da ake sayarwa a Kano da Kaduna da Sakkwato daga kamfanonin ƙyanƙyasa na yankin Ibadan ake ɗauko su, tafiyar ɗaruruwan kilomita a cikin kwali. Abin da ke riƙe su a hanya shi ne sauran gwaiduwar da ke cikinsu, wadda kan ciyar da tsako har kusan kwana uku. Suna isowa a gajiye, da ƙishirwa. Idan suka tarar da sanyi, ko zafin da ya wuce misali, ko cunkoso, sai kashi ya fara manne musu a dubura, ya bushe, ya toshe hanya. Tsakon da aka bari a haka yana iya mutuwa alhali babu wata ƙwayar cuta a jikinsa.

A makon farko tsako na buƙatar ɗumi na digiri 32 zuwa 35 a daidai inda yake tsaye, sannan a riƙa ragewa da kusan digiri 3 kowane mako har gashi ya rufe shi. Wanda ba shi da ma'aunin zafi, 'yan tsakin da kansu za su gaya masa. In sun taru sun hau kan juna suna kuka mai ƙarfi, sanyi suke ji. In sun gudu gefe-gefe suna haki, baki a buɗe, zafi ya yi yawa. In sun bazu suna ci suna sha, an dace. A garuruwanmu ba a dogara da lantarki shi kaɗai. Kaskon gawayi ya fi aminci, amma sai an bar garwashin ya kama sosai a waje kafin a shigar da shi, a kange shi don kada su faɗa, a kuma bar kafar shigar iska. Ɗakin da aka lulluɓe da leda ruf, ga garwashi a ciki, yana kashe 'yan tsaki cikin dare ɗaya.

Wanda kashi ya toshe, a jiƙa tsumma da ruwan ɗumi, a tausasa kashin har ya saki da kansa. Kada a fizge, fatar wurin siririya ce. A busar da shi sosai, a shafa ɗan man baselin, a mayar da shi kusa da ɗumi. A kula kuma kada a ɗauki cibiya a matsayin kashi, tana can ƙasa kaɗan wajen ciki, ba a taɓa ta. Ruwan gulukos ko ɗan sukari yana da amfani a sa'o'in farko bayan isowa, amma in aka ci gaba da ba su kwana da kwanaki, shi ma yana sakin ciki. Wannan hanya kusan kyauta ce, kuma a ganina ita ce ta fi dacewa da mafi yawan gudawar makon farko.

To yaushe maganin bakteriya yake da hurumi? Idan ɗumi ya daidaita, ruwa na da tsabta, amma mutuwa na ƙaruwa kullum. Akwai wata cuta ta farin zawo, fuloram, wadda nau'in bakteriyar Salmonella ke kawowa. Takan bi ƙwai daga uwa zuwa tsako, ta fi tsanani a 'yan ƙasa da mako uku, mutuwar kuma takan yi yawa a mako na biyu. Tsakon kan tsaya a takure, ido a lumshe, fuka-fukai a sake, farin kashi kamar alli a bayansa. Akwai kuma ciwon cibiya, inda ciki ke kumbura, cibiya ta jiƙe, tsakon na wari. Waɗannan ba ruwansu da garwashi. Amma ko a nan, kafson mutane da aka fasa a kwano da ƙiyasi shi ne mafi raunin zaɓi: ba a san yawan abin da kowane tsako ya sha ba, gobe kuma a daina saboda an ga sauƙi. Da haka ne ƙwayoyin cuta ke sabawa da magani, har ranar da yaron gidan zai buƙaci irin maganin nan ya ƙi yi masa aiki. A bar malamin dabbobi ya zaɓi wanda aka yi don kaji, a auna shi da litar ruwa kamar yadda aka rubuta, a cika kwanakinsa. Idan mai kanti ya miƙo wanda ke ɗauke da kuloramfenikol ko furazolidon, a mayar masa. Ƙasashe da dama sun haramta ba da su ga dabbobin da ake ci, saboda ragowarsu a nama na cutar da mutum.

Wani abu game da fuloram: tsakon da ya warke yakan ci gaba da ɗauke da ƙwayar. Mai son ya bar kaza ta yi kwanci a gida, kada ya zaɓi uwa daga garken da cutar ta ratsa.

Mako uku zuwa shida: idan an ga jini

Wannan ne lokacin da jira ke da tsada. Koksidiyosis wata ƙaramar halitta ce mai suna Eimeriya ke kawo ta, ba bakteriya ba ce, shi ya sa kafso ja da yalo ba shi ne maganinta ba. Ƙwanta na fita a kashi, in ya samu shimfiɗa mai laima da ɗumi, cikin kwana ɗaya zuwa biyu ya nuna, wani tsako ya tsattsage shi ya haɗiye. Cikin kusan mako ɗaya ta gama zagayenta a bangon hanji, ta farfasa shi, ta sake fitowa ninkin-ba-ninkin. Shi ya sa damina ce kakarta, kuma gindin mazubin ruwan da ke yoyo shi ne gonarta. Nau'in da ke kama jakunkunan nan biyu na ƙarshen hanji shi ke zubar da jini ja wur. Wasu nau'o'in ba sa nuna jini sosai, sai majina mai ruwan lemo, da rama, da tsako ya tsaya ya hura gashi kamar ya yafa bargo.

Magunguna uku aka fi samu a kantunanmu, kuma ba ɗaya suke ba.

Amfuroliyam shi ne na talaka, kuma shi nake fara nuna wa mai kaji ashirin ko hamsin. Gari ne da ake zubawa a ruwa na kwana biyar zuwa bakwai. Yana da arha, lahaninsa kaɗan ne ko da hannu ya ɗan zarce, kuma ba ya daɗewa a nama. Yadda yake aiki shi ne ya hana halittar samun bitamin B1, wanda ba ta rayuwa sai da shi. A nan mutane da yawa ke warware aikinsu da hannunsu: su zuba amfuroliyam, su ƙara garin bitamin a ruwan don tsako ya samu ƙarfi. Sun ba maƙiyi guzuri ke nan. A bari sai an gama kwanakin magani, sannan a bi da bitamin. Rauninsa shi ne jinkiri, kuma a wuraren da aka daɗe ana amfani da shi ba ƙa'ida, wani lokaci ba ya kama cutar yadda ake so.

Toltarazuril, wanda da yawa suka sani da sunan Baycox, ruwa ne, kuma ya fi tsada nesa ba kusa ba. Mai ƙarfin kashi 2.5 cikin 100 ana zuba mililita 1 a litar ruwa, kwana biyu a jere. Yana bugun halittar a matakai daban-daban na zamanta cikin hanji, don haka idan jini ya yi yawa, an fara ɗebe gawa, shi nake zaɓa ko da kuɗin ya yi ciwo. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin ƙaramin mai kiwo, amma maƙwabta uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi. Sharaɗinsa: yana daɗewa a jiki, sai an jira kusan mako biyu ko fiye kafin a yanka, gwargwadon abin da ke rubuce a kwalbar, kuma ba a ba kazar da ke yin ƙwan ci. Mai buroilar da ya ƙudurta sayarwa da Sallah ya lissafa wannan tun kafin ya zuba.

Na uku su ne dangin salfa, kamar ESB3 da salfadimidin. Fa'idarsu ita ce suna taɓa koksidiyosis, suna kuma taɓa wasu bakteriya, don haka sukan yi rana idan ana zaton cuta biyu ne suka haɗu. Da yawansu ana ba da su kwana uku, a huta biyu, a sake uku. Amma suna wahalar da ƙoda, musamman a zafi ko in tsako ba ya shan ruwa sosai, kuma wuce kwanakinsu na iya jawo zubar jini a cikin jiki. Ba maganin da za a auna da ido ba ne.

Ko wanne aka zaɓa, idan aka bar jiƙaƙƙiyar shimfiɗar a wurinta, bayan 'yan kwanaki za a koma gidan jiya. A kwashe inda ya jiƙe, a zuba busasshe mai kauri, a ɗora mazubin ruwa a kan bulo daidai tsayin gadon bayan tsako, a rage cunkoso. A tambayi mai sayar da abinci ko buhun 'yan tsakin na ɗauke da maganin kariya daga wannan cuta, domin wasu kamfanoni na sa shi. Gidan da ake da doki kuwa a yi hattara: wasu daga cikin magungunan kariyar nan, kamar monensin, guba ne mai kisa ga doki, kada a bar shi ya sa baki a abincin kaji.

Mai kama da ita: Gumboro

A daidai waɗannan makonni uku zuwa shida wata cuta ke shigowa, kuma rikita su biyun na jawo asara. Gumboro sunan wani gari ne a jihar Delawaya ta Amurka, inda aka fara bayyana cutar a 1962. Bairos ce, tana lalata wata 'yar jaka da ke saman dubura, wadda ita ce ke gina garkuwar jikin tsako. Zuwanta farat ɗaya ne: jiya lafiya lau, yau rabin garke a kwance, farin zawo mai ruwa, gashin baya ya ɓaci, wasu na saran duburarsu, wasu na rawar jiki. Mutuwa kan hau da sauri, ta sauka cikin kusan mako ɗaya, kuma ta fi yi wa 'yan tsakin kajin ƙwai ɓarna fiye da buroila.

A nan babu ɗaya daga magungunan da na lissafa da zai kashe cutar. Salfa ma ƙara wa ƙodar da ta riga ta jigata nauyi zai yi. Abin da ke rage mutuwa shi ne ɗumi, da ruwa mai tsabta a kusa da baki, da garin bitamin da gishirin jiki na kaji, da barin su su huta. Haka abin yake da cutar Niyukasil, mai koren zawo da wahalar numfashi da murɗewar wuya, wadda ke share kajin Hausa a ƙauyuka duk hunturu. Su biyun riga-kafi ne kawai makaminsu. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana yin na Gumboro, da na Niyukasil iri biyu: Lasota, da kuma I-2, wanda ya fi jure zafi, aka yi shi musamman don kajin karkara. Galibi ana ba da na Gumboro sau biyu cikin makonni uku na farko, amma a bi jadawalin da ya zo tare da 'yan tsakin. A ɗauko kwalbar a ƙanƙara, a yi amfani da ruwan da ba shi da kulorin, a janye musu ruwa na ɗan lokaci don su ji ƙishi, su shanye cikin awa biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya: riga-kafin da aka ba garken da ya riga ya kwanta ba ya tayar da shi.

Idan kuwa kaji manya da ƙanana suka fara zubewa da yawa a yini ɗaya, fuska a kumbure, wannan ya wuce shawarar maƙwabta. Murar tsuntsaye ta fara bayyana a Najeriya a 2006, a Jaji ta jihar Kaduna, kuma tana dawowa lokaci-lokaci. A sanar da ofishin dabbobi, kada a yanka, kada a sayar.

Jiƙon gida

Ba na raina shi, iyayenmu da shi suka riƙe kajinsu. Ɓawon maɗaci, ganyen darbejiya, shuwaka, tafarnuwa, barkono, zogale, duk ana jiƙawa. Ɗan tafarnuwa ko garin zogale a abincin lafiyayyun kaji ba laifi ba ne. Matsalar ita ce ma'auni. Ba wanda ya san ƙarfin jiƙon yau da na gobe, kuma ɗacin maɗaci ko darbejiya yakan sa tsako ya ƙaurace wa ruwa, alhali rashin ruwa a jiki shi ke fara kashe mai gudawa. Ga kashin jini, da ga tsakon da bai kai mako biyu ba, ba zan dogara da jiƙo ba. Kanwa da gishirin girki kuwa a nisanta su da ruwan 'yan tsaki, domin kaɗan ya wuce sai zawo ya ƙaru. Madarar shanu ma sakin ciki take sa su. Sai maganin tsutsa, da wasu ke ba 'yan kwana goma: tsutsar ciki na ɗaukar fiye da wata ɗaya kafin ta girma a hanji, don haka ba ita ce damuwar ɗan ƙaramin tsako ba.

A sunsuna buhun abinci

Akwai gudawar da ba ta jin kowane magani, saboda daga kwanon abinci take fitowa. Masara ko ƙuli-ƙulin da suka yi fumfuna na ɗauke da guba mai suna afulatoksin, wadda ke lalata hanta, ta raunana garkuwa, har riga-kafi ya ƙi kamawa. An gano ta ne bayan da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, saboda tunkuzar gyaɗar da aka shigo da ita daga Barazil. A wurinmu, buhun da ya kwana a kan siminti a watan Agusta ya isa. Idan abinci ya dunƙule, ko yana warin gumi, a zubar, dafawa ko shanyawa ba sa cire gubar.

Tsakanin abincin kamfani da haɗin gida, ga 'yan tsakin gidan gona a makonni huɗu na farko na kamfani nake zaɓa, domin suna buƙatar sinadarin gina jiki kusan kashi 20 cikin 100 ko sama, abin da dusa da tsakin gero ba za su bayar ba. Dusa zalla takan wuce ta cikinsu ba ta narke ba. 'Yan tsakin kazar Hausa da ke bin uwarsu sun fi juriya, ga ɗumin fuka-fukinta, ga gara da ƙwari, amma su ma tsakin hatsi mai tsabta da ɗan garin kifi ko waken soya da aka soya ya fi musu sauran tuwon da ya kwana ya yi tsami. Idan za a sauya abinci kuma, a gauraya tsoho da sabo na kwana uku ko huɗu.

Idan an rasa gane wacce ce, gawar tsakon da ya mutu yanzu-yanzu ta fi kowane bayani. A sa ta a leda, in da hali a ɗora a kan ƙanƙara, a haɗa da mara lafiya ɗaya mai rai, a kai asibitin dabbobi na jiha, ko asibitocin koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da na Sakkwato da Maiduguri. Likita na buɗe ciki zai ga ko jakunkunan hanji sun cika da jini, ko jakar saman dubura ta kumbura, ko gwaiduwa ce ta ruɓe ba ta narke ba. A tafi da ledar duk maganin da aka riga aka ba su, a faɗi kwanakinsu da riga-kafin da suka samu. Bayan an dawo a wanke hannu da sabulu, a hana yara ƙanana wasa da marasa lafiyar, domin wasu nau'o'in Salmonella na tsallakawa daga kaji zuwa mutum.

Ita dai Hajiya, a ranar muka zubar da ruwan kafson, muka shimfiɗa ɓuntun shinkafa mai kauri a ƙarƙashin kwalin, muka janye shi daga bakin ƙofa, aka hura gawayi. Mun wanke wa tara dubura. Ɗaya ya ƙara mutuwa washegari, sauran 46 suka miƙe. Da suka shiga mako na biyu ta haɗa kuɗin kwalbar Gumboro da matan gida biyu na layinmu, ta kuma sayi ƙaramar ledar amfuroliyam ta ajiye a saman kanta.